Ɗakin Haihuwar Asibitin Mazaɓarmu: Abin da Na Gani da Abin da Ake Faɗa a Gidan Suna

Duk ranar Talata, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, bencinan da ke barandar ƙaramin asibitin mazaɓarmu sukan cika da mata masu ciki, har waɗansu su shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron da ke tsakar asibitin suna jiran a kira lambar katinsu. Wanda ya ga wannan taro zai ɗauka ɗakin haihuwar da ke ƙarshen barandar ba ya rabuwa da kukan jarirai, amma sau da yawa idan aka leƙa shi sai a tarar da gadajensa biyu a shimfiɗe babu kowa a kai. Matan da suka jure zaman benci wata da watanni su ne dai za a ji labarin sun sauka a ɗakunansu, sai bayan suna a gan su sun kawo jariri rigakafi. Na yi awo a wannan asibiti, na haihu a cikinsa, na kuma raka ƙanwar maigidana cikin wani dare na damina, saboda haka ina ganin na san isasshen abin da zan auna aikinsa da shi, ko da yake kunya ba ta so mace ta baje maganar haihuwarta a bainar jama'a. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Mazaɓar tamu tana gefen fadama ne a masarautar Argungu, kuma halin da take ciki ba baƙon abu ba ne a Jihar Kebbi. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu na shekarar 2018 ya nuna cewa haihuwa 39 ce kawai cikin 100 ake yi a asibiti a faɗin Najeriya, a Arewa maso Yamma kuma 16 ce cikin 100, sannan a Kebbi ba ta kai ko ɗaya cikin goma ba. Binciken ya kuma ƙiyasta cewa mata 512 ne ke rasuwa a dalilin ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Idan aka karanta waɗannan alƙaluma a ofis, abin da ke fara zuwa a rai shi ne rashin asibitoci, alhali ga namu nan a tsaye, an yi masa fenti, an kafa masa sola, an sa masa firij na ajiye allurai, tun bayan da ya shiga cikin cibiyoyin da ke samun kuɗi daga asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya.

Game da awon ciki ba ni da wani babban ƙorafi. Ana auna nauyi da hawan jini, ana gwada fitsari da jini, malama tana laluba kwanciyar ɗa ta kuma saurari bugun zuciyarsa da ɗan ƙahon nan, ana ba da ƙwayoyin ƙarin jini da Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ana yin allurar rigakafin sandarewar jiki, kuma a zuwana na farko an ba ni gidan sauro. Aibin kawai shi ne jira, domin unguwarzoma mai takardar shaida ɗaya ce tal, wato malama, sai malaman asibiti biyu da ke taimaka mata, ɗaya mace ɗaya namiji. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas, to amma macen da ta baro daka da girki da ɗibar ruwa ta wuni a kan benci ba za ta yi marmarin cika takwas ba. Babu na'urar hoton ciki, sai an je Argungu.

Inda na fi son in tsaya shi ne ɗakin haihuwar kansa, domin a nan ne na gane cewa ba mai ciki ce ke yanke shawarar inda za ta haihu ba. 'Ya'yana huɗu na farko a gida na haife su, a durƙushe, ni kaɗai a bayan gado, sai da aka ji kukan jariri sannan aka aika a kira ungozoma ta yanke cibiya ta yi wanka, kamar yadda aka saba tun kakanni. A haihuwa ta huɗu na zubar da jini har na riƙa ganin duhu, kuma na yi watanni ban iya ɗaukar tulu ba. Da na samu ciki na biyar, malama ta faɗa mini ƙarara cewa macen da ta haihu da yawa, ta kuma taɓa zubar da jini, ita ce ta fi kowa bukatar haihuwa a inda ake da allurar tsayar da shi. Ni na gamsu tun a ranar, amma gamsuwata ba ta isa ta fitar da ni daga gida ba. Sai da maigida ya amince, shi kuma amincewarsa ba ta tsaya da ƙafarta ba sai da mahaifiyarsa ta sa baki, ita kuwa Inna abin da ta fara cewa shi ne, “Mu da muka haifi tara a ɗaki, wa ya taɓa ganin ƙafarmu a asibiti? Ko kuwa lalaci ne na matan yanzu?” Ban yi musu da ita ba, na dai ce, “Inna, ku taimaka ku raka ni awo ko sau ɗaya, ku ji da kunnenku.”

Abin da malama ta yi a ranar shi ne mafi kyawun aikin da na ga an yi a asibitin, kuma babu allura ko ƙwaya a cikinsa. Ta tashi ta ba Inna kujerarta, ta rusuna ta gaishe ta, ta tambaye ta yadda suke yi a zamaninsu idan mabiyiya ta ƙi faɗowa, ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba, sannan ta ce, “Inna, ranar haihuwar ku za ku zauna kusa da ita, ni aikina in taimaka muku ne.” Tsohuwar da ta fito gida da shirin faɗa sai ga ta tana sa albarka. Ranar da naƙuda ta zo, da hantsi ne cikin rani, kuma an cika alkawari. An bar Inna ta shiga, an bar ni na durƙusa a kan shimfiɗar leda mai tsabta maimakon a tilasta mini kwanciya rigingine, wadda ita ce abin da yawancin matanmu suka fi ƙyama, domin a ganinsu tsiraici ne tsagwaronsa. Jaririya na faɗowa aka yi mini allurar oksitosin a cinya, aka ɗora ta a ƙirjina, aka ce in ba ta dakashi kada a matse a zubar. An shafa wa cibiyarta man da ke hana ta ruɓewa, aka ba mu sauran da gargaɗin kada a gasa ta da tsumma ko a sa mata man goge baki. Mabiyiya kuma aka wanke aka ƙunshe aka miƙa wa Inna domin a binne ta a gida. Wanda bai san mu ba zai ga wannan ƙaramin abu ne, amma na san gidajen da aka hana mata zuwa asibiti saboda jita-jitar cewa can a shara ake jefa mabiyiya.

Saɓani ɗaya aka samu, a kan wankan jaririya. Malama ta ce a bari sai ta kwana ɗaya saboda sanyi, Inna ta ce jaririn da ba a cuɗe shi a ranar farko ba da ƙarni zai girma. Muna isa gida aka dafa ruwa, kuma ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Laifin da na gani na asibitin ne da ya sallame mu tun kafin la'asar, alhali ƙa'ida ita ce maijego ta yi awa 24 ana lura da ita, tunda zubar jini ya fi zuwa a wannan tsakani. Da na tambaya, sai aka ce babu wadda za ta kwana da ni.

Wannan amsa ita ce ta bayyana mini babban raunin wurin, wanda na gani da idona bayan shekara guda. Ƙanwar maigidana, yarinya mai cikin fari, an kai ta goyon ciki gidan wata gwaggonta a wani ƙauye da ke hayin fadama, mijinta kuma yana Legas wajen neman kuɗi. Naƙuda ta kama ta tun asuba, amma kunyar ɗan fari ta sa ta ci gaba da shara da wanke-wanke tana cije leɓe, domin an tarbiyyantar da ita cewa raki a haihuwar fari abin gori ne har tsufa. Sai bayan isha'i aka gane halin da take ciki. Aka ba ta rubutu da jiƙe-jiƙe, aka ce zaƙi ne take zubarwa, haihuwar da saura. Da ta fara kukan ciwon kai da ganin dishi-dishi, ga ƙafafu da fuska a kumbure, sai aka shiga tambayar wanda ke da ikon cewa a fita da ita. Mijin gwaggo ya ce ba shi ya aure ta ba, wayar mijinta ba ta shiga, maigidana kuma da aka same shi ya ce a taho da ita nan take. Watan Agusta ne, ruwa ya shafe hanya, sai da aka tashi mai kwalekwale daga barci, sannan aka ɗora ta a kabu-kabu tsakanin mutum biyu. Masana lafiyar mata suna maganar jinkiri uku da ke kashe mai naƙuda, wato jinkirin yanke shawara, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa, to mu biyun farko mun riga mun cika su tun kafin mu ga ƙofar asibitin.

Mun isa wajen ƙarfe ɗayan dare muka tarar malama ba ta nan, domin a cikin gari take kwana, gidan ma'aikatan da ke bayan asibitin kuwa iska ta yaye rufinsa tun bara ba a gyara ba. Malamin asibiti namiji ne ke aikin dare. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce namiji ba zai duba mata 'ya ba, muna cikin wannan ja-in-ja yarinya ta fara jijjiga. Dole in yi wa wannan malami adalci, domin bai ɗaga murya ba, ya ce, “Gwaggo, ku riƙe ta da kanku, ni hannunta da inda zan yi allura kawai nake bukata.” Ya auna jininta ya tarar ya hau ƙwarai, ya yi mata allurar magnesiyam salfet, wadda ita ce maganin jijjiga, ya rubuta takardar tura mu babban asibiti. Da a ce babu wannan allura a kabad ɗinsa a daren, ban san abin da zan rubuta yau ba. Motar ɗaukar marasa lafiya babu, sai wani direban tasha, ɗan ƙungiyar direbobi, da aka san shi da amsa irin wannan kira ko da tsakar dare, irin tsarin da ƙungiyar ta rungumi yi a jihohin Arewa da dama. Kuɗin mai kawai ya karɓa, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin man ma ba ƙaramin abu ba ne ga manomi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma shinkafa ba ta nuna ba. A babban asibiti aka yi mata aiki, aka nemi jini, maza uku da suka biyo mu biyu suka zame da cewa jininsu bai ishe su ba. Yarinya ta rayu, ɗan bai zo da rai ba.

Abin da ya biyo baya shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kafin mu dawo, labari ya riga ya zagaye ƙauyen cewa an kai ta asibiti lafiya lau sun yanka ta sun kashe ɗan. Babu wanda ya ambaci wunin da ta yi tana ɓoye naƙuda, ko awannin da aka ɓata ana neman mai ba da izini. A wurinmu sunan asibiti a bakin rijiya da gidan suna da gidan biki ake gina shi ko a rushe shi, kuma da yake an saba ba a kai mace sai abu ya ɓaci, yawancin labaran da ke fitowa daga can na aiki ne da mutuwa, sai su ƙara tabbatar wa mutane cewa asibiti wurin waɗanda haihuwa ta gagara ne. Haihuwata da aka yi lami lafiya ba ta yi tafiyar da wancan labari ya yi ba, domin ba a ba da labarin abin da ya tafi daidai.

Ban wanke ma'aikatan gaba ɗaya ba. Akwai wata daga cikinsu mai kaifin harshe, wadda na ji da kunnena tana ce wa wata baiwar Allah daga rugar Fulani ta je ta yi wanka kafin ta taɓa ta, kuma na tabbata wannan kalma ɗaya ta rufe ƙofar asibitin ga ruga guda. Tagar ɗakin haihuwar tana fuskantar inda 'yan kabu-kabu ke zama, labulenta kuma ya yage, ta yadda mace tana naƙuda tana jin hirar maza a kanta. Famfon asibitin yakan yi makonni a lalace, sai 'yan rakiya sun ɗebo ruwa a jarka, kuma ban ɗakin ba wurin da maijego za ta shiga ba ne. Haka nan ana cewa haihuwa kyauta ce, amma a wata na takwas sai a miƙa wa mace jerin kaya, safar hannu da auduga da ƙunzugu da sabulu da ruwan wanke ɗaki, wanda idan ta kai wa miji yakan ce ina kyautar take. Sai dai a nan ina da magana da mazanmu ma, domin mutumin da zai ce ba shi da kuɗin safar hannu shi ne bayan kwana bakwai za a ga ya ɗaure rago ya sayi goro da alawa. Ragon suna ana tanadinsa tun ciki yana ƙarami saboda idon jama'a yana kansa, kuɗin mota kuwa ba wanda zai yi wa mutum gori idan bai ajiye ba.

Dabarar da na ga tana aiki ita ce yadda malama ta jawo ungozomomin unguwanni maimakon ta yi gaba da su. Ungozoma a wurinmu ba baƙuwa ba ce, ita ta yanke cibiyar uban gidan da kansa, kuma abincinta yana cikin wannan aiki, daga hatsi da sabulu har kasonta na naman ragon suna, saboda haka duk wanda ya ce mata su daina haihuwa a gida ya taɓa tukunyarta. Yanzu an fahimtar da iyalai cewa wadda ta rako mai naƙuda asibiti hakkinta yana nan, ita za ta ci gaba da wankan jariri da kula da maijego, kuma malama tana kiran su taro tana nuna musu alamomin haɗari, irin su zubar jini da kumburi da ciwon kai mai tsanani da naƙudar da ta wuce awa goma sha biyu. Tsohuwar unguwarmu, wadda da farko ta ce an raina ta, yanzu ita ce ke buga wa direba waya. Ta daina yankan gishiri ma, tun da ta ga 'yar maƙwabta da aka kai cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi. Kwamitin ci gaban mazaɓa shi ma ya samu limamin Juma'a ya yi huɗuba a kan cewa duk mai tafiya ci-rani ya bar wa iyalinsa izinin fita asibiti tun kafin ya sa ƙafa a mota, uban ƙasa kuma ya maimaita wa masu unguwanni. Na san gidaje uku a layinmu da wannan huɗuba ta yi wa amfani, kuma a ganina ta fi fentin da aka yi wa bango tasiri.

Idan wata ta tambaye ni ko ta haihu a wannan asibiti, zan ce mata ta je, domin hannun malama yana da kyau kuma magungunan da ke ceton rai na same su a wurin sau biyu. Amma zan ƙara mata da cewa ta kai uwar mijinta awo tun ciki yana wata biyar, ta sa mijinta ya furta izini a gaban shaidu, ta karɓi lambar malama da ta direba ta ba mutum biyu a gidan, a kuma san tun da wuri wanda zai ba da jini idan an nema. Wadda ke hayin fadama kuma watan haihuwarta ya faɗo cikin damina, gara ta ƙauro gidan dangi a cikin gari kafin ruwa ya cika. Na ji ana ba waɗanda suka yi nisa ƙwayoyin misoforostol uku su sha da zarar ɗa ya faɗo idan haihuwa ta riske su a gida, kuma ya kamata mace ta tambaya da bakinta a awon ƙarshe. Ga wadda naƙuda ta kama da rana, wurin ya cancanci yabo. Ga wadda ta kama da dare, wanda kuwa shi ne lokacin da naƙuda ta fi so, abin ya dogara ne da wanda aka tarar a bakin aiki, kuma haka zai ci gaba da kasancewa har sai an rufa gidan ma'aikata an kuma turo unguwarzoma ta biyu.

Ƙanwar maigidana tana da wani cikin yanzu, wata shida. Likitan da ya yi mata aiki ya gargaɗe ta cewa kada ta kuskura ta yi naƙuda a gida, kuma ba ƙaramin asibiti ya ce ba, babba. Mijinta ya yarda, ya ma turo kuɗin mota an ajiye a wurin maigidana. Uwar mijin ce har yanzu take cewa ita dai ba za a sake yanka mata suruka ba, kuma Inna ta ce ranar Talata mai zuwa da kanta za ta je ta ɗauko uwar mijin su tafi wurin malama tare.